Daga ɗakin likita zuwa komisariya: ƴan sandan Amurka da gadon shari'ar Tarasoff

Ranar 20 ga watan Agusta na shekarar 1969, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Lawrence Moore, da ke aiki a asibitin ɗalibai na Cowell cikin jami'ar Kalifoniya ta garin Berkeley, ya yi abin da ba kasafai ƴan uwansa likitocin hankali kan yi ba a wancan zamani. Ya ɗauki maganar da majinyaci ya gaya masa a asirce, ya kai wa ƴan sandan jami'a. Da farko ya shaida wa biyu daga cikinsu da baki, sa'an nan ya rubuta wa shugabansu wasiƙa, yana neman su kama wani ɗalibi su kai shi asibitin taɓin hankali a tsare shi na awa 72 don a bincike shi. Wasu likitoci biyu na asibitin sun yarda da wannan shawara tasa.

Ɗalibin shi ne Prosenjit Poddar, mutumin yankin Bengal na ƙasar Indiya, wanda ya zo Berkeley cikin 1967 domin zurfafa karatu a fannin ƙirar jiragen ruwa. A ƙarshen 1968 ya haɗu da wata budurwa, Tatiana Tarasoff, a wurin koyon rawar gargajiya. Ya ɗauka soyayya ce ta aure, ita kuwa ta bayyana masa cewa ba haka take nufi ba. Daga nan al'amarinsa ya lalace: ya yi watsi da karatu, ya daina kula da cinsa da tsabtarsa, ya riƙa ɗaukar hirarsu a kaset yana zama shi kaɗai yana maimaita saurare. Da bazarar 1969 ta kama, Tatiana ta tafi Barazil, shi kuma ya fara zuwa asibiti. A can ne ya gaya wa Moore cewa zai kashe wata yarinya idan ta komo daga tafiya. Bai ambaci sunanta ba, amma gane wadda yake nufi ba wani abu ba ne mai wuya.

Ƴan sanda uku suka je suka same shi, suka yi magana da shi. Suka ga saurayi mai natsuwa, yana ba da amsa daidai da tambaya. Ya yi musu alkawarin ba zai kusanci yarinyar ba, suka sallame shi. Bahaushe kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da wannan ma'aunin ne ƴan sandan suka yi aiki, alhali likitan da ya zauna da mutumin makonni ya riga ya rubuta musu cewa cutarsa irin wadda mai ita kan bayyana lafiya lau a wani lokaci ce. Bisa ga ƙarar da iyayen yarinyar suka shigar daga baya, shugaban sashen taɓin hankali na asibitin, Dokta Harvey Powelson, ya nemi ƴan sanda su maido da wasiƙar, ya yi umurnin a lalata kwafinta da rubuce-rubucen Moore, ya kuma hana a sake yunƙurin tsare ɗalibin. Poddar bai ƙara taka asibitin ba. Ya ƙulla abota da ɗan'uwan Tatiana har suka zauna gida ɗaya. Babu wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta komi. Ranar 27 ga Oktoba ya je gidansu, ya harbe ta da bindigar iska, ya bi ta da wuƙa ya kashe ta, sa'an nan ya kira ƴan sanda da kansa.

An same shi da laifin kisan kai, amma cikin 1974 Kotun Ƙolin jihar ta soke hukuncin, domin ba a yi wa masu taya alƙali shari'a cikakken bayani game da raunin hankalinsa ba. Ba a sake gurfanar da shi ba. An sake shi da sharaɗin ya koma Indiya. Shari'ar da ta shiga tarihi ita ce ɗayar, wadda iyayen suka kai hukumar jami'a da likitocin da ƴan sandan, suna neman diyya.

Sau biyu Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci a kanta, kuma bambancin da ke tsakanin hukuncin nan biyu shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. A hukuncin farko, na watan Disamba 1974, kotu ta ce likitan da ya san majinyacinsa zai cutar da wani, wajibi ne ya gargaɗi wanda ake nufi. Ta kuma ce su ma ƴan sandan ana iya tuhumarsu da rashin yin gargaɗi, tun da kamun da suka yi rabi da rabi ya iya zama sanadin da ya kori Poddar daga magani, ya ƙara wa yarinyar haɗari. Ƙungiyoyin likitocin hankali suka yi caa, suna cewa an fasa tulun asiri wanda aikinsu ya dogara a kansa. Kotu ta yarda ta sake sauraron shari'ar, abin da ba ta cika yi ba. Ranar 1 ga Yuli 1976 alƙali Mathew Tobriner ya fitar da hukunci na biyu da yawun mafi rinjayen alƙalai. Nauyin likita ya ƙaru: yanzu wajibinsa shi ne ya ɗauki matakin da ya dace don kare wanda ke cikin haɗari, ko ta gargaɗinsa, ko ta sanar da ƴan sanda, ko ta wata hanya da halin ya nuna. Dalilin kotu shi ne haƙƙin riƙe asiri yana da iyaka, iyakarsa kuwa inda rayuwar jama'a ta shiga haɗari. Amma ƴan sanda, su an cire su daga cikin ƙarar. Kotu ta ce babu wata dangantaka ta musamman tsakaninsu da Poddar ko da Tatiana da za ta ɗora musu wajibin yin gargaɗi, kuma dokar jiha ta ba su kariya daga tuhuma game da sakinsa.

Abin mamaki a nan a fili yake. Cikin dukan mutanen da suka shiga lamarin, Moore ne ya ga haɗarin, ya faɗa, ya rubuta. Waɗanda aka ba labari, suke da ikon kamu, suka kuma saki mutumin, su ne suka fita babu ko ƙwarzane. Ba a taɓa zaman sauraron shaidu a kan ƙarar ba, domin an sasanta a wajen kotu, saboda haka ba a tabbatar da laifin kowa ba. Amma ƙa'idar da ta rage ta tsara hanya mai ƙofa biyu, ta ɗaure mai tsaron ƙofar farko da igiyar doka, ta bar na biyu da ganin damarsa.

Wannan sassauci ga ƴan sanda ba a Berkeley aka ƙirƙiro shi ba. Shekara guda kafin kisan Tatiana, babbar kotun jihar Niyok ta yanke hukunci a kan ƙarar Linda Riss, wadda ta yi ta kai kuka wurin ƴan sanda cewa wani tsohon manemi yana yi mata barazana, ba su ba ta tsaro ba, har ya yi hayar wanda ya watsa mata ruwan guba a fuska cikin 1959, ta rasa ido ɗaya, ɗayan ma ya raunana. Kotu ta ce yadda za a rarraba ƴan sanda da kuɗin tsaro aikin majalisa ne da gwamnati, alƙali ba shi da hurumi a ciki. Alƙali guda da ya ƙi yarda ya nuna cewa doka ce ta hana matar riƙe makami don kare kanta, ta tilasta mata dogara ga hukuma, sa'an nan hukumar ta ce ba ta da alhakinta. Cikin 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta maimaita ƙa'idar a shari'ar Warren: wajibin ƴan sanda na jama'a ne baki ɗaya, ba na wani mutum takamaimai ba. Cikin 1982 ita kanta Kotun Ƙolin Kalifoniya ta wanke ƴan sandan da ke fakon wani gidan wanki, suka ga wanda suke zargi yana shiga yana fita, ba su gargaɗi matar da ke ciki ba har ya soke ta. Ƙarshen tiƙa-tiƙin ya zo cikin 2005, sa'ad da Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 7 a kan 2, ta yanke cewa Jessica Gonzales ba ta da haƙƙi a tsarin mulki na tilasta wa ƴan sandan garin Castle Rock su zartar da takardar kotu da ta hana mijinta kusantar gidanta. Cikin watan Yuni 1999 mijin ya ɗauke ƴaƴansu mata uku, ta yi ta kiran komisariya har cikin dare ana ce mata ta dakata, daga bisani aka tsinci gawarwakin yaran cikin motarsa.

Likitoci kuwa sun shafe shekaru kusan goma cikin ruɗani. Hukuncin 1976 ya ɗora alhaki a kan wanda ya sani, da kuma wanda ya kamata ya sani bisa ma'aunin sana'arsa. To amma wa ya san gobe? Alƙali Stanley Mosk ya yi wannan ƙorafi tun cikin hukuncin, alƙali William Clark kuma ya yi hasashen cewa masu buƙatar magani za su guje shi, waɗanda suka zo za su ɓoye abin da ke ransu, likitoci kuma za su riƙa tsare mutane barkatai don tsira da kansu. Cikin 1981 masani John Monahan, bayan ya tattara binciken da aka yi har zuwa lokacin, ya nuna cewa idan likitocin hankali suka yi hasashen wani zai aikata ta'asa, ba su dacewa fiye da sau ɗaya cikin uku. Kotuna kuma kowace da inda ta ja. Cikin 1980, a shari'ar Thompson, kotun Kalifoniya ta ce sai an iya gane wanda ake yi wa barazanar. Cikin 1983, a shari'ar Jablonski, wata kotun tarayya ta kama likitocin wani asibitin tsofaffin sojoji da laifi ko da yake majinyacin bai furta barazana ga matar da ya kashe ba, domin da sun nemi tsohon dosiyensa da sun gane. A wannan shari'a ma labarin ya gudana ne a juye: ƴan sanda ne suka buga wa asibitin waya suka bayyana tarihin laifukan mutumin, saƙon bai kai ga likitan da ke duba shi ba. Watau ramin da ke tsakanin asibiti da komisariya ta kowane gefe ana faɗawa cikinsa.

Majalisar dokokin Kalifoniya ta shiga tsakani cikin 1985 da sashe na 43.92 na kundin dokokin farar hula. Ta taƙaita wajibin ga inda majinyaci ya furta wa likita barazana mai tsanani ta cutar da jikin wani da ake iya ganewa. Ta kuma ba likita mafita: idan ya yi iyakacin ƙoƙarinsa ya isar da barazanar ga wanda ake nufi da kuma ga hukumar ƴan sanda, ya sauke nauyi, babu mai cin sa diyya. Jihohi da dama suka kwaikwayi wannan tsari, wasu suka mai da shi tilas, wasu suka bar shi izini kawai. Tekzas na cikin na biyun. Kotun Ƙolinta ta yanke cikin 1999 cewa likita ba shi da wajibin gargaɗin kowa, doka ta dai yarje masa ya sanar da ƴan sanda ko ma'aikatan lafiya in ya ga dama. Da wannan ne kiran ƴan sanda ya zama garkuwar likita. Dokar ta fayyace abin da mai kira zai yi dalla-dalla, ba ta ce uffan ba game da abin da mai ɗaukar wayar zai yi.

An daɗe kafin wani ya je ya duba. Cikin 1998 Dale McNiel da Renée Binder da wani abokin aikinsu suka wallafa binciken da suka yi cikin takardun ƴan sandan San Faransisko. A tsawon shekara 5, sanarwa 337 kacal ƴan sanda suka samu, adadin da ya yi ƙaranci ƙwarai ga birni mai yawan asibitoci da likitoci kamar wannan. Galibinsu daga asibitocin gwamnati da wuraren taimakon gaggawa suka fito, galibin waɗanda ake yi wa barazanar kuwa dangi ne da masoya da tsofaffin masoya. Kimanin rabin masu barazanar an taɓa kama su a baya, kuma kimanin rabi ne kawai aka tsare a asibiti. Cikin shekarar 2000 wasu likitoci suka bi ta ɗaya ɓangaren: suka tambayi sajan mai tsaron tebur a komisariya 100, 48 a jihar Mishigan, 52 a Karolina ta Kudu. Komisariya 45 suka ce sun taɓa samun irin wannan kira. Mutum 3 kaɗai ne suka san hukuncin Tarasoff. Komisariya 24 ke da takamaimiyar ƙa'ida a kan abin da za a yi, 27 kuma suka ce ba za su sanar da wanda ake yi wa barazanar ba. Masu binciken suka kammala da cewa mai yiwuwa kiran ƴan sanda ba shi ne hanya mafi kyau ta kare mutum ba. Shekara 24 ke nan bayan hukuncin da kowane ɗalibin likitancin hankali a Amurka ke haddacewa kafin ya ci jarrabawa.

Adalci ne a duba abin ta idon ɗan sandan da kiran ya faɗo wa. An gaya masa wani ya yi wata magana cikin ɗaki a gaban likita. Ba a aikata komi ba tukuna. Ba shi da takardar alƙali ta binciken gida, maganar kuma sau da yawa ba ta kai hujjar samun takardar ba. Ko kama mutumin da laifin barazana ma ba tabbas: cikin 2001, a shari'ar Felix, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta soke hukuncin da aka yi wa wani fursuna da ya gaya wa masanin halayya cewa yana tunanin kashe tsohuwar budurwarsa, domin ba a nuna ya faɗi maganar da nufin ta kai kunnenta ba. Kotun ta yi la'akari da cewa ɗakin magani wuri ne da ake so mutum ya amayar da abin da ke cinsa. Abin da ya rage wa ɗan sanda shi ne ya je ya buga ƙofa ya ga lafiyar mutumin, in ya ga alamar haɗari ya kai shi asibiti a ƙarƙashin sashe na 5150, wanda ya ba da izinin tsarewar awa 72. Wannan sashe na cikin dokar da gwamna Ronald Reagan ya sa wa hannu cikin 1967, ta fara aiki a 1969, shekarar da aka kashe Tatiana, kuma manufarta ita ce a kawo ƙarshen kulle mutane a asibitin mahaukata ba da iyaka ba. Saboda haka ta tsananta sharuɗɗa. Mutumin da ya iya riƙe kansa na minti goma a bakin ƙofa ya tsallake.

Haka kuwa aka yi, kusan ƙafa da ƙafa, bayan shekara 45. Ranar 30 ga Afrilu 2014 ƴan sandan gundumar Santa Barbara suka je gidan wani saurayi ɗan shekara 22, Elliot Rodger, a unguwar ɗalibai ta Isla Vista, bayan mahaifiyarsa ta ga wasu hotunan bidiyo da ya sa a intanet, hankalinta ya tashi, labari ya kai ga ma'aikatan lafiyar hankali, su kuma suka sanar da hukuma. Ƴan sandan suka tarar da yaro mai ladabi da kunya. Ba su kalli bidiyon ba, ba su duba rajistar masu bindiga ta jiha ba, ba su shiga ɗakinsa ba, inda ya ajiye bindigogin da ya saya bisa doka. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa da sun bincika ɗakin da shirinsa ya wargaje. Ranar 23 ga Mayu ya kashe mutum 6, ya raunata 14, ya kashe kansa. A cikin wannan shekara majalisar jihar ta yi doka biyu: ɗaya ta nemi hukumomin ƴan sanda su tsara ƙa'idar duba rajistar bindigogi kafin irin wannan ziyara, ɗayar kuma, wadda ta fara aiki a Janairu 2016, ta ba dangi da ƴan sanda damar neman alƙali ya karɓe makaman mutum na wani lokaci.

Shekara biyu kafin haka, a jihar Kolorado, abin ya zo da wata siga. Cikin watan Yuni 2012 likitar taɓin hankali ta jami'ar jihar, Lynne Fenton, ta tuntuɓi wata jami'ar ƴan sandan makarantar game da ɗalibi James Holmes, wanda ya gaya mata yana yawan tunanin kashe mutane. Bai ambaci kowa ba, bai faɗi wuri ko rana ba. An duba ko yana da tarihin laifi, an toshe katinsa na shiga gine-ginen jami'a, an kuma yi maganar tsarewar awa 72, likitar ta ga sharuɗɗan ba su cika ba. Ya bar karatu, ya fita daga hannun jami'a, babu wanda ya ci gaba da bin sawunsa. Ranar 20 ga Yuli ya buɗe wuta cikin gidan silima a garin Aurora, ya kashe mutum 12, wasu 70 suka ji rauni. Cikin 2014 jihar ta faɗaɗa dokarta ta haɗa da barazanar da aka yi wa wani wuri ko wata ma'aikata, ko da ba a ambaci mutum ba. Kusan duk gyaran da aka yi wa wannan fanni ihu ne bayan hari, kowace sabuwar doka an ɗinka ta daidai jikin bala'in da ya wuce.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda likitoci suka fi jin nauyinsa cikin shekarun baya-bayan nan, watau ƴan sandan su zo da ƙarfin da ya wuce kima. Tun daga 2015 jaridar Washington Post ta riƙa ƙidayar mutanen da ƴan sandan Amurka suka harbe har lahira, ta samu cewa kimanin ɗaya cikin biyar na da alamar ciwon hankali. Likitan da ya ɗaga waya yana iya aika masu bindiga zuwa ƙofar majinyacin da ya amince masa, kuma idan majinyacin baƙar fata ne, fargabar ta fi yawa. Gaba kura, baya siyaki. Birnin Memphis ne ya fara neman magani: bayan ƴan sanda sun harbe wani mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa cikin 1987, aka kafa rukuni na musamman a 1988, ana ba jami'ansa horon awa 40 a kan yadda ake lallashin wanda hankalinsa ya gushe a kai shi asibiti maimakon gidan kaso. Tsarin ya yaɗu zuwa birane masu yawa. A Los Anjalas kuma, bayan wani mai bibiyar ƴar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer ya kashe ta a ƙofar gidanta cikin 1989, ƴan sanda suka buɗe sashen auna barazana a 1990, shekarar da Kalifoniya ta zama jiha ta farko da ta mai da bibiyar mutum da tsoratar da shi laifi. A zamanin Poddar babu irin wannan laifi cikin kundi. Cikin watan Yuli 2022 aka buɗe lambar waya ta 988 a faɗin ƙasar domin masu rikicin hankali su sami wanda za su kira ban da ƴan sanda.

Maganar da ta shiga hannun hukuma kuma ba ta komawa. Cikin 1991, a shari'ar Wharton, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yarda likitocin da suka gargaɗi wata mata su tsaya shaida a kan majinyacinsu bayan ya kashe ta, aka yanke masa hukuncin kisa. Gargaɗin da aka yi don ceton rai ya zama hujjar mai gabatar da ƙara. Kotunan tarayya sun rabu a kan wannan, wasu sun yarda da irin shaidar, wasu sun ƙi. Wani abin lura shi ne shari'ar da ta kafa haƙƙin asirin ɗakin magani a kotunan tarayya, ta Jaffee da Redmond cikin 1996, ƴar sanda ce ta ci moriyarta: ta harbe mutum a bakin aiki a jihar Ilinoi, ta je neman magani wurin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, dangin mamacin suka nemi a fito da abin da ta faɗa, Kotun Ƙoli ta hana. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ranar nan ɗan sanda ya ga amfanin likitan da ke iya riƙe magana.

Wasu ƙasashen sun rarraba nauyin dabam. A Turai, Kotun Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta yanke cikin 1998, a shari'ar Osman, wadda ta taso daga wani malamin makaranta na Landan da ya ɗora wa ɗalibinsa ido har ya kashe mahaifin yaron a 1988, cewa hukuma na da wajibin ɗaukar mataki idan ta sani, ko ya kamata ta sani, akwai haɗari na gaske kuma na kusa ga ran wani sanannen mutum. Kotun ba ta sami ƴan sandan Landan da keta wannan wajibi ba a wannan karo, amma daga nan ne ƴan sandan Ingila suka ɗauki al'adar kai wa mutum takardar gargaɗi idan suka sami labarin ana neman ransa. A Faransa fallasa asirin sana'a laifi ne mai kai mutum gidan kaso, sai dai tun 2003 doka ta yarje wa ma'aikacin lafiya ya sanar da perefe idan wanda ke zuwa wurinsa mai haɗari ne kuma ya san yana da makami ko yana niyyar mallakarsa. Izini ne aka ba shi, kuma wurin mai mulkin yanki ake kai maganar, wanda ke da ikon karɓe makami.

Kalifoniya ma ta ƙarasa kusa da nan ta wata hanyar. Daga farkon 2014, likitan da majinyaci ya furta wa barazana mai tsanani ga wani da ake iya ganewa dole ne ya sanar da ƴan sandan yankinsa cikin awa 24. Su kuma dole ne su miƙa sunan ga ma'aikatar shari'a ta jiha, wadda ke haramta wa mutumin saye ko riƙe bindiga har shekara 5, maimakon wata 6 da dokar ta tanada a da. Yana da damar zuwa kotu ya nemi a ɗage haramcin. Wannan na cikin ƴan wurare ƙalilan da doka ta rubuta wa mai ɗaukar wayar aikin da zai yi. Aikin kuwa na cika takarda ne da aika ta. Zuwa gidan wadda aka ambata, da gaya mata, da sa ido a kan unguwarta, waɗannan har yanzu kowace komisariya da tata ƙa'idar, kuma hukuncin 1976 da ya cire ƴan sandan Berkeley daga ƙarar iyayen Tatiana ba a soke shi ba.